Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Magajin Garin Maradi kan sharar da taro ke bari

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina da koke kan abin da ke zama a ƙasa bayan an watse daga taro a garin nan.

Maradi ba ta rabo da taro. Ga ɗaurin aure da suna kusan kullum, ga wa'azin dare da maulidi, ga sallar idi, ga kokawa idan aka cika filin Kantu. Duk inda aka kafa rumfa aka jera kujeru, buhunan ruwan leda ne ke fara isowa. Kowa ya ciji kusurwa, ya tsotse, ya yar a gindin kujerarsa. Shinkafar da aka raba wa baƙi ma a baƙar leda aka ƙulla ta. Washegari masu haya sun kwashe rumfarsu da kujerunsu tun da sassafe, domin kayan kuɗi ne, ledar kuwa ba mai ita. Iska ta kai wasu kan ƙaya, saura su gangara magudanar ruwa su jira damina. Garin da ambaliyar Gulbi ta 1945 ta sa aka tashe shi zuwa tudu bai kamata ya yi sakaci da hanyar ruwa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne awaki. Jar akuyar Maradi, wadda fatarta ta kai sunan garin nan har Turai, ita ce ke bin wurin biki tana lasar ledar da ke da maiƙo har ta haɗiye. Leda ba ta narkewa a tumbi. Akuya ta yi ta ramewa, mai ita na saye mata dussa a banza. A tambayi mahauta abin da suke zarowa idan sun farke ciki. Manoma ma na ji a jikinsu: juji da ake ɗauka a amalanke a kai gona taki ne mai kyau, amma yanzu sai an tsaya tsintar leda a cikinsa, wadda ta kuɓuce kuma ta shekara a ƙasa tana hana ruwa ratsawa.

Na san akwai doka mai lamba 2014-63 ta ranar 5 ga Nuwamba 2014, wadda ta haramta ƙera irin wannan siririyar leda da shigo da ita da sayar da ita a Nijar. Kowa ya ga inda aka kwana. Ba na roƙon a bi mai koko da mai ƙosai da tara. Talaka ne zai sha wuya, ledar kuma ba za ta ragu ba.

Taro shi ne wurin da za a iya kamawa, domin yana da mai shi, yana da rana, yana da wuri. Duk wanda zai tare hanya ya kafa rumfa, ya ajiye ɗan kuɗin jingina a ma'aikatar magajin gari, ko jaka biyar ce, a ba shi buhu biyu: ɗaya na leda da gorunan roba da gwangwani, ɗaya na ragowar abinci. Idan mai unguwa ya shaida an share wurin kafin azahar ta washegari, a mayar masa da kuɗinsa cif. Idan ba a share ba, a biya matasan unguwar da kuɗin su share. Sharaɗi ɗaya ne: a riƙa ba da rasit, in ba haka ba abin zai rikiɗe ya zama wani harajin.

Masu sayen kayan suna nan tuni. Gwangwanin lemo maƙera ke narkawa su zuba tukwane, gorunan roba masu zoɓo da kunun aya ke nema, ragowar abinci kuwa masu kiwo za su zo su ɗauka da kansu muddin ba a cakuɗa shi da leda ba. Cakuɗawar ce ke kashe darajar kowanne.

Sai dai, ranka ya daɗe, a fara da tarukan hukuma. Ranar da aka yi bikin gwamnati aka ajiye randuna ko manyan kuloli da kofuna a madadin ruwan leda, limamai da masu unguwanni daga Mokoyo har Zariya za su sami bakin yi wa jama'a magana. Ina roƙon a gwada wannan tsari a unguwa ɗaya kafin saukar ruwan farko.

Allah ya yi maka jagora.

Wani mazaunin Maradi