Wasiƙa daga Jos: oksijin ɗin da sanyi ba ya hana shi aiki

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali da ɗalibanka. Nan Jos hunturu ya kankama, ruwan alwalar asuba sai an ɗumama, amma lafiya lau muke, alhamdulillahi.

Ka tambaye ni ko akwai haɗuwar sinadarai da sanyi ba ya rage mata gudu, tunda abin da kake koya wa 'yan ajinka shi ne ƙa'idar Arrhenius ta 1889: zafi ya ƙaru, aiki ya yi sauri. Akwai kuwa, ga wadda ta fi burge ni.

Ƙwayar zarrar oksijin da ke kwance, wadda ake rubutawa O(³P), ita ce mai bin ƙa'idarka. In ta gamu da haidurojin, H₂, sai ta haye shinge mai tsawo, wato kuzarin da ake buƙata kafin haɗuwa ta fara, kafin a samu OH (oksijin ɗaya haɗe da haidurojin ɗaya), don haka a sanyi kusan ba abin da ke faruwa. Amma tana da 'yar'uwa mai zumuɗi, O(¹D), wadda ta ɗara ta kuzari da eV 1.97 (eV ma'aunin kuzarin ƙwayoyin zarra ne). Wannan ba shinge a gabanta. Kutsawa take yi tsakanin H biyun da ke cikin H₂, a samu H₂O, wato ƙwayar ruwa, na ɗan ƙiftawar ido, mai ɗauke da kuzarin da ya fi ƙarfinsa, sai ya tarwatse ya ba da OH da H. Kamar rijiya ce marar murfi a tsakiyar hanya, da mai gudu da mai jan ƙafa duk ciki za su faɗa. Ma'aunin saurinta a zafin ɗaki kusan 1 × 10⁻¹⁰ cm³ ne ga kowace ƙwaya a daƙiƙa.

Wahalar ita ce awon. In ka sanyaya iska a cikin kwalba, manne wa bango take yi ta daskare. Dabarar da Bertrand Rowe da abokan aikinsa suka ɓullo da ita a Faransa a shekarun 1980, wadda ake kira CRESU, ita ce a tura iskar ta wani bututu mai matsattsen wuya, ta fito da gudun da ya wuce na sauti, ta yi sanyi bai ɗaya ba tare da ta taɓa bango ba. Da ita Kevin Hickson ya yi awo a Bordeaux, Yury Suleimanov ya yi lissafin kwamfuta, suka wallafa a 2017. Hasken leza mai zangon nanomita 266 ke fasa ozon (iskar da kowace ƙwayarta ke da oksijin uku) ya saki O(¹D), wani haske kuma ya bi yadda take ɓacewa. Sun sauko daga Kelbin 296 har 50, wato 223 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyas, amma saurin bai sauya sosai ba. Akwai wata hanya ta biyu, inda oksijin ke fizge H ɗaya daga gefe. Ita tana da ɗan shinge, sai da zafi take tasiri.

Kada ka ɗauka wasan ɗakin gwaji ne kawai. A samanmu hasken rana mai gajeren zango, ƙasa da nanomita 310, yana fasa ozon ya ba da O(¹D). Yawancinta naitirojin da oksijin na iska ke kwantar da ita, amma wadda ta dace da tururin ruwa sai ta haifi OH biyu, su ne ke cinye iskar methane da hayaƙin CO mai guba. Can sama sosai kuwa, inda ba cunkoso, takan rayu kusan daƙiƙa 110 kafin ta saki jan haske mai nanomita 630.

Shawarata, kada ka rikita 'yan jarrabawar WAEC, Arrhenius za a tambaye su. Ka dai ƙara musu sharaɗi ɗaya, cewa ƙa'idar tana aiki ne inda akwai shinge. In wani mai ƙwazo ya ce "in babu fa?", ka karanta masa wannan.

A gaida uwargida da yara. Yaushe za ka leƙo mu?

Wassalam,
Abokinka na Jos