Yau 4 ga Yuli, na tuna da kai

Abokina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Na san za ka ce yau wace rana, ni da na yi shiru kusan shekara biyu. To, ranar ce ma ta sa na ɗauki biro.

Da safe na ga 4 ga Yuli a kalanda, sai na shiga bin abubuwan da suka faru a irinta. Na 1776 kowa ya sani, Amurka ta ɓalle daga Ingila. A ranar aka haifi Calvin Coolidge a 1872, shi kaɗai cikin shugabanninsu. A ranar masaniyar kimiyya Marie Curie ta rasu a 1934, bayan sinadaran da ta ƙarar da rayuwarta tana bincike sun lalata mata jini.

Amma labarin John Adams da Thomas Jefferson, shugabannin Amurka na biyu da na uku, shi ne ya tsaya mini a rai. Tare suka yi aikin takardar 'yancin, daga baya siyasa ta shiga tsakani. Jefferson ya kayar da Adams a zaɓen shugaban ƙasa na 1800, Adams kuwa ko bikin rantsarwa bai tsaya ba, da asuba ya kama hanyar gida. Aka yi kusan shekara goma sha biyu ba sa ga maciji da juna. Sai a farkon 1812 Adams ya aika masa da 'yar gajeriyar wasiƙa. Daga nan suka rubuta wa juna wasiƙu 158, Adams a garinsa Quincy, Jefferson a gidansa Monticello, ba su sake haɗuwa ido da ido ba.

Ranar 4 ga Yuli 1826, shekara 50 cif da 'yancin, Jefferson ya cika da tsakar rana, Adams da yamma. An ruwaito cewa daf da cikawarsa Adams ya ce Jefferson yana nan da rai, bai san ya riga shi da 'yan sa'o'i ba.

A ganina Adams ne namijin. Shi aka kayar, shi ne babba, kuma shi ya fara sauke girman kai. Wasiƙunsa ma sun ninka na Jefferson.

Ba na tuna wa ya fara yin shiru tsakaninmu, ina dai zargin ni ne. Ga tawa nan. Ka gaida mutanen gida, kuma kada amsarka ta yi gajarta.

Naka har kullum