Lasisin da ke ƙasan shafin caca, wa yake karewa?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina cikin masu bibiyar jaridarku, kuma na karanta rahoton da kuka buga kwanakin baya a kan cacar intanet. Wakilinku ya yi ƙoƙari, sai dai akwai wuri guda da ya tsaya mini a rai, inda ya nuna cewa tunda kamfanonin suna da lasisi, to aikinsu yana bisa doka, mai zuba kuɗi kuma yana da kariya. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ba wa'azi na zo yi ba. Malamai sun faɗi hukuncin caca tun kafin a haife mu, kuma duk mai latsa waya da tsakar dare yana haɗa tikiti ya san hukuncin sarai. Tambayata a kan kalmar lasisin ce. Lasisin wace ƙasa? Kuma ranar da kuɗin mutum suka maƙale, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa?

Wani ɗan'uwana ne ya koya mini yin wannan tambaya, ba da son ransa ba. Ya shafe watanni yana zubawa a wani shafi, kamfanin bai taɓa tambayarsa ko shekarunsa nawa ba. Ranar da ya ci wani abu mai ɗan kauri ya nemi cirewa, sai ga buƙatu: katin shaida, hotonsa riƙe da katin, takardar bayanin asusun banki. Ya tura duka. Bayan mako biyu aka rufe asusun, aka ce ya saɓa wani sashe na sharuɗɗan da ya amince da su ranar rajista, sharuɗɗan da babu mai karantawa. Ya zo mini idonsa jajir, muka gangara can ƙasan shafin inda aka rubuta sunan hukumar da ta ba da lasisi da ƙananan haruffa. Sunan wani tsibiri ne. Sai da muka buɗe taswira kafin mu san a wace nahiya yake.

Haka sana'ar ta taso tun farko. A 1994 ƙasar Antigua da Barbuda, 'yan tsibirai a yankin Karebiyan, ta yi dokar da ta buɗe ƙofar ba da lasisin caca ta intanet. Tsibirin Kurasawo ya bi sahu, Malta kuma ta kafa nata tsarin a 2004. Daga nan aka samu kamfanin da rajistarsa ke ƙasa ɗaya, kwamfutocinsa a ta biyu, kuɗinsa suna bi ta ta uku, ɗan cacan kuma yana zaune a ta huɗu. Lasisin gaskiya ne, ba na jabu ba, amma izini ne daga ƙasar da ta bayar, ba daga ƙasar da kake zaune ba. Alƙalin garinku ba shi da iko a kan wannan hukuma, ita ma ba ta san da zamanka ba.

Dokokin ƙasashe kuwa kowa da kiɗansa. Ostareliya tun 2001 ta hana kamfanoni buɗe wa mazauna ƙasar gidan caca na intanet, amma hukuncin a kan kamfani yake, ba a kan ɗan wasa ba. Jamus a 2021 ta halatta, ta kuma sa iyakar abin da mutum zai zuba a wata, Yuro 1,000. Birazil ta fara aiki da tsarin lasisinta ranar 1 ga Janairun 2025. Indiya ta bi wata hanya daban, a watan Agustan 2025 majalisarta ta haramta wasannin intanet da ake sa kuɗi. A Amurka, tun da Kotun Ƙoli ta soke dokar tarayya ta 1992 da ta hana yawancin jihohi halatta cacar wasanni, a watan Mayun 2018, kowace jiha ke yanke wa kanta, har ta kai abin da ya halatta a wannan gefen iyaka laifi ne a wancan. Najeriya ma a watan Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. Saboda haka duk wanda ya ce maka cacar intanet ta halatta, bai gama magana ba sai ya faɗa maka a ina, kuma wane iri.

To amma mu ce mutum ya yi sa'a, shafin da yake amfani da shi babba ne, sananne, ba na bayan fage ba. A nan ne nake so Malam Edita ya ɗan yi haƙuri da ni, domin akwai labarai biyu da ya kamata duk mai karatu ya sani.

Ranar 15 ga Afrilun 2011 hukumomin Amurka suka ƙwace adireshin manyan shafukan karta guda uku: PokerStars, Full Tilt Poker da Absolute Poker. Mutane suka wayi gari suka tarar da sanarwar gwamnati a inda suka saba ganin teburin wasa. Abin da ya biyo baya ya fi rufewar muni. Masu gabatar da ƙara suka bayyana cewa a ƙarshen watan Maris na shekarar, 'yan wasa a faɗin duniya suna bin Full Tilt kimanin dala miliyan 390, alhali abin da ke asusunsa na banki bai wuce dala miliyan 60 ba. Wato lambar da mutum ke gani a allon wayarsa ko kwamfutarsa, yana ƙirgawa a matsayin dukiyarsa, zane ce kawai. Kuɗin sun daɗe da fita. Kuma wannan kamfani yana da lasisi. An ba kura ajiyar nama, aka kuma ba ta takardar shaida. Sai da PokerStars ya sayi kamfanin a 2012 cikin wani sulhu da gwamnati aka fara maganar biyan mutane, wasu sun jira shekaru.

Na biyu ya faru ne a Birtaniya, ƙasar da ake buga misali da ita wajen tsaurin sa ido. Wani kamfani mai suna Football Index ya riƙa sayar wa mutane abin da ya kira hannun jari a 'yan ƙwallo, da lasisin hukumar caca ta ƙasar, sunansa har a rigunan ƙungiyoyin Nottingham Forest da QPR. Mutane da yawa sun ɗauka zuba jari suke yi. A watan Maris na 2021 ya durƙushe, aka ƙiyasta kuɗin jama'a da suka nutse a kan fam miliyan 90, binciken da gwamnati ta sa aka yi daga baya kuma ya soki hukumar kan jan ƙafa. Shekaru biyu bayan nan hukumar ta ci kamfanonin caca na William Hill tarar fam miliyan 19.2. Cikin laifukan da aka lissafa har da barin wani sabon mai asusu ya kashe fam 23,000 a cikin minti 20 ba tare da an tambaye shi komai ba. Tarar ta yi kyau a kanun labarai, amma ihu ne bayan hari.

Ban ce lasisi ba shi da amfani ba. Inda hukuma ke da haƙora, ana samun wurin kai ƙara, ana hana yara, ana tilasta wasu ƙa'idoji. Birtaniya ta hana caca da katin bashi na banki tun watan Afrilun 2020, tana kuma da tsarin GAMSTOP da mutum zai sa a toshe shi daga duk shafukan da ke da lasisin ƙasar. Amma toshewar ba ta kai wa shafukan ƙetare, har wasunsu da wannan suke tallan kansu: zo nan, mu ba ma cikin tsarin. Wanda ya fi kowa buƙatar kariya shi ake yi wa wannan kira.

Ko da komai ya tafi daidai, kamfani mai gaskiya ne, yana biya a kan lokaci, akwai abin da babu dokar da ta hana, domin shi ne sana'ar kanta: lissafin. Ɗauki faifan nan da ake juyawa da 'yar ƙwallo, wanda ake kira rulet. Gidaje 37 gare shi, daga 0 zuwa 36, amma wanda ya dace da lamba ana biyansa ribar ninki 35 ne a kan uwar kuɗinsa, maimakon 36. Wannan ɗan giɓin shi ne 2.7 cikin ɗari na duk abin da aka zuba, kuma ba ya komawa ga 'yan wasa har abada. A cacar ƙwallo ma haka ne, sai dai an fi ɓoye shi. Idan abu biyu ne za su iya faruwa kuma damarsu ɗaya, adalci shi ne a ninka maka kuɗinka sau 2. Kamfani zai ba ka 1.90. Kashi 5 cikin ɗari ke nan ya tafi kafin alƙalin wasa ya busa usur. Yanzu haɗa wasanni 10 irin wannan a tikiti guda, kamar yadda matasa ke so saboda ƙaramin kuɗi ya haifi babba. Giɓin ma ninkuwa yake yi, sai rabon kamfani ya kai kusan kashi 40 cikin ɗari. Shi ya sa dogon tikiti suka fi tallatawa, shi ya sa kuma kullum za ka ji ana cewa wasa ɗaya ne ya yanke. Ai dama an gina shi ne don wasa ɗaya ya yanke.

Garaɓasar da ake ba sabon shiga kuwa, banza ba ta kai zomo kasuwa. A misali, ka zuba 100 an ƙara maka 100, da sharaɗin sai ka juya kyautar sau 35 kafin ka cire. Wasan 3,500 ke nan. Idan na'urar tana riƙe 4 cikin kowace ɗari, a lissafi za ka bar 140 a wurin kafin ka cika sharaɗin, kyautar ta tafi har da guzuri daga aljihunka. Idan kuwa mutum ya zama gwani yana yawan ci, sanannen abu ne kamfanoni su rage masa iyakar abin da zai iya sakawa ko su rufe asusun. Mai faɗuwa ne ake aika wa saƙon barka da zuwa.

Ɗan cacan da can sai ya fita daga gida, ya nemi abokan wasa, ya ji kunyar wanda zai gan shi, dare ya yi a tashi. Yanzu gidan cacar yana cikin aljihu, ba ya rufewa, babu mai gani, kuɗin ma ba a taɓa su da hannu balle a ji zafin rabuwa. Zagaye ɗaya daƙiƙa kaɗan ne. Mutum ya faɗi, ya ce bari in mayar da uwar kuɗina kawai in daina, wannan neman ramuwar kuwa ita ce bakin ramin. Daga nan sai bashi, sai taɓa kuɗin amana, sai ƙarya ga iyali. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka tun 2013 suka sa jarabar caca a aji ɗaya da jarabar shaye-shaye, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta lissafa ta cikin cututtuka. Kada a ɗauka ta talaka ce ko ta marar aiki. A 2023 aka dakatar da 'yan ƙwallo biyu, Ivan Toney wata 8, Sandro Tonali kuma wata 10, saboda karya dokokin caca, kuma dukansu an bayyana cewa jarabar ce ta kama su. Mutanen da ke ɗaukar albashin da mu ko a mafarki, kuma su suka fi kowa sanin ƙwallo.

Sai wani abu da ba a cika magana a kai ba. A inda caca take haramtacciya a doka, wanda aka cuta ba ya iya kai ƙara, domin bakinsa zai fara tona shi. Masu shafukan bogi sun san haka. Ga kuma katin shaida da bayanan banki da mutum ya miƙa wa wanda bai san fuskarsa ba, ba a san hannun da za su ƙare ba.

Roƙona ga Malam Edita shi ne, idan wakilinku zai koma kan wannan batu, ya tambayi kowane kamfani da ya zanta da shi: wace hukuma ce ta ba ku izinin karɓar kuɗin mutanen ƙasar nan, ina kuke ajiye kuɗin 'yan wasa kuma an raba su da na kamfani, sannan mutum nawa suka kai ƙorafi bara, nawa aka biya? Ku buga amsar, in sun ƙi amsawa ku buga hakan. Kuma, da girmamawa, ku dubi tallace-tallacen da ke fitowa a gefen shafinku na intanet, domin ranar da na karanta rahoton naku, tallan caca ne a kusa da shi. Ƙungiyoyin gasar Firimiya ta Ingila, duk da irin kuɗin da suke samu, sun amince a 2023 za su cire sunayen kamfanonin caca daga gaban rigunansu bayan kakar 2025/26. Jarida ba za ta gaza su ba.

Shi kuwa ɗan'uwan nawa, ya aika wa hukumar tsibirin nan wasiƙa sau uku, har yau babu amsa. Asusunsa yana nan a rufe. Amma kowace Juma'a da yamma saƙon kamfanin yana shigowa wayarsa, ana sanar da shi sabuwar garaɓasar ƙarshen mako.

Na gode da ba ni fili. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai karatu