Na gama da Ganon, ajiyarka kuma tana nan

Agege, Legas

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya zafin Doha, ya aiki? Tun saƙon muryar da ka turo ana gobe sallah ban sake jin ɗuriyarka ba. Hajiya har ta fara tambaya ko Larabawa sun hana ka waya ne.

To albishirinka. Goron ka ajiye sai ka zo. Na gama da Ganon, babban dodon wasan Breath of the Wild da muke bugawa a na'urar gem ta Nintendo Switch! Daren Juma'a ne, an ɗauke wuta, unguwa ba abin da ake ji sai ƙarar janareto, ni da Auta muna zaune a baranda da Switch ɗin a hannu. Kai da kake cewa ba zan taɓa wuce raƙumin ƙarfen nan na hamadar Gerudo ba, yau me za ka ce? Manyan dabbobin ƙarfen huɗu duka, har da raƙumin, na ƙwato su kafin na shiga fada, shi ya sa suka cinye masa rabin jininsa tun ban zare takobi ba. Da aka zo wajen faɗan ƙarshe a kan doki, ihun da Auta ya yi sai da matar maigidan haya ta leƙo.

Abin da ya biyo baya ne ya sa na ɗauki alƙalami. Da sunayen waɗanda suka yi wasan suka gama wucewa, sai aka dawo da mu shafin farko. Na buɗe ajiyata, wato inda wasan ya adana ci gaban da na yi, sai ga ni a bakin fada kamar ban yi komai ba, baƙin hayaƙin nan na zagaye ginin, gimbiya Zelda na ciki tana jira. Bambancin kawai wani ɗan tauraro da ya fito a jikin ajiyar. Auta ya ɓata rai sosai, wai an cuce mu, shi so yake ya ga Hyrule, ƙasar da wasan ke gudana a cikinta, an zauna lafiya, an gyara garuruwa. Ni ma da farko na ji wani iri. Amma da na kwana na tashi sai na ga gaskiyar masu wasan. Jan watan nan da ke tashin dodanni bayan an kashe su daga Ganon yake. In ya tafi gaba ɗaya, ba abokan gaba irin su Lynel da Guardian, ba wanda za ka ƙwaci makami a hannunsa, kuma ka san makaman wasan nan karyewa suke. Da sai ka yi ta yawo a ƙasa fayau, ba abin yi sai tsinkar tuffa.

Kuma tauraron ba ado ba ne kawai. In ka gama da Ganon ka buɗe taswira, a ƙasa za ka ga an rubuta kashi nawa cikin ɗari ka gano. Kar ka yi mamaki in ka ga naka bai kai rabi ba, domin ƙwayoyin nan 900 da ake samu wajen Korok, 'yan halittun da ke ɓoye ko'ina a ƙasar, su suka cinye fiye da kashi 70 na lissafin. Ni dai ba zan bi su duka ba. Guda 441 sun isa a buɗe maka duk gurbin takobi da baka da garkuwa, abin da Hestu mai karɓarsu ke bayarwa a kan 900 kuwa tukuicin zolaya ne, ba ya amfanin komai. Ɗakunan gwaji 120 ɗin ne na sa a gaba, don su akwai kayan sawa da ake ba mutum a tsohon haikalin da ke ƙarshen kwazazzabon Tanagar. Jerin ayyuka ma yanzu yana nuna nawa suka rage, ƙananan 76 ne, na ɗakunan gwaji 42. Shi kuma Kilton mai shagon dare ya fara ƙirga maka manyan dodanni, Hinox 40, Talus 40, Molduga 4, in ka gama kowane kashi ya ba ka lambar yabo.

Af, ka ji Dogo ya sa rana? Yarinyar Idi-Araba ce dai, wadda kuka yi ta musu a kanta. Bayan babbar sallah za a ɗaura. Ya ce in gaya maka uzurin tikiti ba zai karɓu ba, kuma kuɗin anko yana jira. Ya bar shagon Alhaji, yanzu yana da tebur nasa na gyaran waya a Computer Village, kusa da inda nake. Kullum tare muke bin jirgin ƙasan nan daga Agege zuwa Ikeja, mun huta da gosulon danfo.

Na dawo kan tambayarka, wadda na san ita ta fi damunka. Ka ce in ba wani mai zuwa Katar kaset ɗin ya kai maka don ka ci gaba daga inda ka tsaya a sabon Switch ɗinka. Mutumina, ko na aiko maka, daga kogon farkawa za ka fara, ba riga ba wando. Switch ba ya rubuta ajiya a kan kaset, ba ya kuma yarda a kwafe ta zuwa katin memori. Tana cikin cikin na'urar, ƙarƙashin sunan wanda ya buga. Ba irin zamanin PlayStation 2 ba ne da muke zare memori mu sa a aljihu mu tafi shagon gem na bakin kasuwa. Gidanka na Hateno da ka biya rufi 3,000 na kuɗin wasan da ɗaurin itace 30, da dokinka baƙi, da zukatanka, duk suna nan Agege a hannuna.

Hanya biyu ce. Ko dai ka zo da sabon naka bikin Dogo, mu ajiye su kusa da juna mu tura ajiyar kai tsaye, don wannan turawar sai na'urorin biyu suna wuri ɗaya. Ko kuma ka biya Nintendo Switch Online da asusunka, wannan na nan ya ɗora ajiyar a intanet, kai kuma ka sauke a can. Breath of the Wild yana cikin wasannin da ke karɓar haka. In ka zaɓi wannan, ka kira ni ta bidiyo mu tabbatar sunanka na nan yana haɗe da asusun, amma kar ka turo kalmar sirrinka a guruf ɗin nan namu, ka san halin mutanen. Ka kuma riƙe cewa in kuɗin ya ƙare ba ka sabunta ba, kwana 180 suke riƙe abin da ka ɗora.

Har yanzu gabana yana faɗuwa in na tuna abin da ya kusa faruwa makon jiya. Na fito daga wanka na tarar Auta ya shiga da sunanka, ya danna sabon wasa, gargaɗin gogewa na kan allo, yatsansa na kan maɓalli. Bai san me aka rubuta ba, shi dai so yake ya sake kallon farkon labarin. Wasan nan gurbi shida kawai yake ba kowane suna, ɗaya wanda kake ajiyewa da hannunka, biyar da yake ajiyewa da kansa yana ture mafi tsufa. Sabon wasa a kan suna ɗaya kuwa zai bi ta kansu duka. Ban yi masa faɗa ba, a take na buɗe masa sunansa daban, tunda na'urar tana ɗaukar mutum takwas. Yanzu yana can kan tudun farko yana fama da sanyi, bai gane barkono ake dafawa ba, na kuma hana kaina gaya masa.

Na leƙa taka ajiyar ban taɓa komai ba. Hotunan tunawa uku suka rage maka cikin 12. Don Allah kar ka tunkari Ganon sai ka haɗa su, ka koma wajen tsohuwa Impa ta nuna maka na 13, domin akwai ƙarin ƙarshen labari da ba a nuna wa wanda bai haɗa ba. Na gani, kuma ba zan faɗa maka ba ko za ka yi ta kira har asuba.

Hajiya ta ce dabinon da ka aiko ya ƙare, na gaba ka ƙara yawa. Su malam na masallacin layinmu suna gaishe ka. Ka sanar da ni wacce hanyar ka zaɓa kafin Auta ya samu hutun makaranta, don in ya samu, na'urar ba za ta bar hannunsa ba.

Naka,
abokinka na Agege