Kar ka tura wa Auta kuɗin lasisin nan tukuna

Kano, daren Laraba

Assalamu alaikum mutumina,

Ya zafin Jidda, ya su Maman yara? Na san saƙonka ya kusa wata biyu yana jiran amsa, laifina ne, ka yafe. Abin da ya zaunar da ni rubutu yau, jiya bayan la'asar Autanku ya zo gareji yana washe baki, wai ka yi alkawarin turo masa kuɗin lasisin tirela, har ya samu wanda zai fito masa da shi cikin mako guda. Don girman Allah kar ka tura.

Yaron nan shekararsa 22. A tsarin hukumar kiyaye haɗurra, lasisin tuƙin haya sai mai shekara 26, tirela kuma aji G take. B na ƙaramar mota ne, F na tarakta, H na katafila da gireda da danginsu. Sai mutum ya bi ta makarantar tuƙi da hukuma ta yarda da ita, 'yan VIO, jami'an duba motoci, su gwada shi, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, likita ya duba ido da hawan jini. Katin da za a kawo masa gida bai je ko'ina ba, ranar da kamfani ya sa lambarsa a kwamfuta ba zai fito ba, an yi asarar riyal ɗinka ke nan. Manyan kamfanonin siminti da na mai kuma ba kati kaɗai suke kallo ba: suna son shekarun aiki, da masu tsaya masa, da gwajin ƙwaya, sannan su ba shi kan mota su ce ya yi baya da bodi ya shiga tsakanin durom biyu. A nan ake gane ɗan gari.

Ni abin da ke hana ni barci birki ne. Auta ya saba da birkin mai na kurkurarsa, na babbar mota kuwa iska ce. Da asuba direba zai ta da injin ya jira allurar gejin iska ta hau wajen 8, ƙararrawa ta yi shiru, kafin ya motsa. Sai ya sa waigi a taya, ya saki birkin hannu, ya kashe injin, ya taka birki ya riƙe minti guda yana kallon allura. In tana zamewa ƙasa, iska na tsiyaya a wani wuri, motar nan ba ta fita. Daga nan ya sunkuya ya ja zoben da ke ƙarƙashin tankin iska ya zubar da ruwan da ya taru. Idan baƙin mai ya biyo ruwan, kwamfuresa ta fara lalacewa. Kullum ake yin wannan, ba ranar da aka ga dama ba.

Sai tayoyi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana bugawa da ƙarfe, don a tagwayen baya ɗaya kan sace ba a gani, 'yar uwarta ta ɗauki nauyin biyu har ta yi zafi ta fashe. Ya cire dutsen da ya maƙale tsakaninsu. In ya ga jan layin tsatsa ya gangaro daga noti, notin ya saki. Lambobi huɗun da ke gefen taya ma ya iya karanta su: 2321 na nufin mako na 23 a 2021, komai kyan zanenta ta tsufa. Duk tayar da aka canza, bayan kamar kilomita 50 a tsaya a sake ɗaure ta.

Haɗa kai da bodi ma ilimi ne. Bayan ƙusar da ke haɗa bodi da kai ta shiga ya ji ƙas, ba ya yarda da kunne. Zai bar birkin bodi a kame, ya sa giya ya ɗan ja gaba ya ji ta riƙe, ya sauko ya leƙa da tocila, ya haɗa bututan iska biyu, ja da rawaya, da wayar fitilu, sannan ya naɗe ƙafafun da bodi ke tsayawa a kai. Wanda ya tsallake ɗaya, a shataletale na farko bodi zai yi masa sallama.

Kai da ka yi shekara uku kana koyon ribas da motar Baba har katangar masallaci ta san ka, ban san me ya sa kake ganin abin wasa ne ba.

Af, ka ji Liman ya ƙara aure? 'Yar gidan mai goro ce, ta bayan layinku. Hajiya ta ce in gaya maka turaren da ka aiko bai kai na bara ba, ni dai ɗan aike ne.

In koma. Ka san Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga. Mai lodi yana zaɓar ƙaramar giya tun kafin ya fara gangarowa, ya bar birkin injin ya yi aikin, na ƙafa kuma ya taka ya saki. Wanda ya saki mota firi don ya rage gas ya sayar, yana ta dannan birki, iska za ta ƙare, durom ɗin birki ya yi zafi ya daina kamawa. Dokar gudu ma a fili take: tanka da tirela kilomita 45 a awa a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya.

Shi kuma wai tanka yake so, don ya ji ana cewa nan kuɗi yake. Mai a cikin tanki motsi yake, musamman in bai cika ba: ka taka birki ya turo ka gaba, ka sha kwana ya kwanta gefe guda. Ba ka manta da fashewar tankar mai a Majiya ta Jigawa a 2024 ba. Tun Maris na 2025 ma an hana lodin tanka mai lita 60,000. Wannan ba wurin ɗan koyo ba ne.

Ga shawarata. Ko dai ya bi wani dattijon direba a matsayin yaron mota, ya koyi ɗaurin tamfol, da raba lodi kada ya taru a kan gindi ɗaya, da ƙirga kaya kafin ya sa hannu a takarda, don buhun da ya ɓace a kan direba yake. Ko kuwa ya shiga ɓangaren katafila, ni wannan na fi so masa, aƙalla yana kwana wuri guda. Can ma da giris ake farawa: kowace safiya a bi gaɓoɓin hannu da bokiti, a duba man haidirolik da ruwan lagireto, a hure filtar iska saboda ƙurar hunturu. Kafin a kashe injin a bar shi ya huta minti uku zuwa biyar, bokiti kuma a ƙasa ake ajiye shi, ba a bar shi a rataye. Kuɗin naka ka biya masa makarantar tuƙi ya fara da B na gaskiya, ragowar ka ajiye.

Ka kira shi da kanka, amma kar ka ce ni na faɗa, har yanzu yana min wankin mota kyauta.

Na tuna akwai wata tambaya da ka yi a ƙarshen saƙonka, kamar ta fili ce ko ta rufin ɗaki, wayar tana caji a shagon maƙwabci. Ka sake turowa. Ka gaishe da yara, ka sa mu a addu'a in ka shiga Harami.

Naka,
Abokinka na gareji