A koyi Ibrananci, amma a bar wa Mama Littafinta

Zuwa ga Edita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya aiki ya jama'a. Don Allah ka ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu in amayar da abin da ke cina tun Kirsimetin da ta wuce, don na lura ba gidanmu kaɗai abin ya shiga ba.

Ɗan ƙanwata ne ya dawo hutu daga jami'a, yaro mai hankali fa, ba ya shan komai ba ya yawon banza. Da dare mun taru a falo, Mama ta yi mana addu'a yadda ta saba, ta fara da ya Ubangiji Allah ta rufe da cikin sunan Yesu, kowa ya ce amin ban da shi. Ana tashi sai ya ce Kaka, wannan sunan da kike kira fa ba shi ba ne, Yeshua ne sunansa, kuma Allah ba sunan Mahalicci ba ne Yahweh ake cewa, wai Turawa ne suka murɗe fassara suka ba mu. Mama da ta haura tamanin ta dube shi ta ce to maigida, shekara sittin ina kiransa da wannan sunan yana amsa mini, ashe bisa kuskure yake ta amsawa? Muka yi dariya. Amma washegari da sassafe na same ta zaune bakin gado da Littafi Mai Tsarkinta a cinya, wanda bangonsa ya fita ta ɗinke da zare, ba ta buɗe ba, ta ce mini a hankali, kai da ka yi karatu, da gaske ne ba daidai aka rubuta mana ba? Wannan tambayar ce ta sa na ɗauki biro.

Ni ba fasto ba ne, tsohon malamin firamare ne. Ɗan Ibranancin da na sani na koye shi ne da yamma wajen wani fasto da ya gama TCNN, makarantar tauhidi da ke Bukuru, shekara biyu muna fama, kuma har yau sai da ƙamus a gefe nake karanta aya. Amma ɗan abin da na tsinta ya isa in ce yaron nan yana da gaskiya a wani wuri, kuma bai kamata dattawan ikkilisiya su riƙa korar masu tambaya da kalmar rashin bangaskiya ba. Masu fassara mutane ne, suna tuntuɓe. A Fitowa 34:29 an ce da Musa ya sauko daga dutse fatar fuskarsa ta yi "ƙaran", wato tana annuri, amma baƙaƙen kalmar ɗaya ne da na "ƙeren" wato ƙaho, to da Jerom ya fassara zuwa Latin a Baitalami wajen shekara ta 400 sai ya bi ta wajen ƙahon, shi ya sa in ka ga hoton gunkin Musa da Mikelanjelo ya sassaƙa a Roma za ka ga ƙahoni biyu a kansa. Kalmar ma ba baƙuwarmu ba ce, ita ce a cikin Zulƙarnaini, mai ƙaho biyu. Ga kuma Goliyat. A 1 Sama'ila 17:4 rubutun Ibrananci da aka fi fassarawa daga gare shi ya ce tsawonsa kamu shida da taƙi, kusan mita 3 ke nan, amma tsohuwar fassarar Girkanci da wani naɗaɗɗen littafi daga kogunan Kumran, waɗanda aka fara ganowa a 1947 kusa da Tekun Gishiri, sun ce kamu huɗu da taƙi, wajen mita 2. Wannan tambaya ce ta gaske, kuma mai yinta ba arne ba ne.

Maganar Yahweh ma akwai ƙamshin gaskiya. Sunan yana nan da baƙaƙe huɗu, YHWH, sama da sau 6,800 a Tsohon Alkawari. Abin da ba a gaya wa yaranmu ba shi ne Yahudawa da kansu ne suka daina furta shi don girmamawa, in sun iso wurin sai su ce Adonai, ma'ana Ubangiji. Da Yahudawan Iskandariya ta Masar suka fara juya Attaura zuwa Girkanci tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu babu Bature ɗan mishan ko ɗaya a wurin, kuma Kurios, wato Ubangiji, shi ne abin da manzanni suka fi rubutawa inda suka ɗauko aya mai wannan sunan. To in Bulus ya rubuta Ubangiji, laifin me Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi da suka sa Ubangiji a Littafin Hausa na 1932?

Inda muka rabu da yaron ke nan. Ya buɗe mini waya ya nuna mini bidiyon wani mai wa'azi daga Amurka yana ta nanata cewa babu harafin J a Ibrananci saboda haka sunan ƙarya ne. Na ce masa kai ɗana, wannan rigimar masu Turanci ce, mu ina ka ga J a Yesu? Kakarka ta fi wannan mutumin kusa da Yeshua ba tare da ta san ta yi ba. Sabon Alkawari da Girkanci aka rubuta shi, Girkanci ba shi da sautin "sh", sai Yeshua ya zama Yesus, kuma haka masu tsohuwar fassarar Girkanci suka rubuta sunan Joshuwa tun kafin a haifi Yesu. Batun wai sunan daga gunkin Zeus aka samo shi kuwa, wannan tatsuniya ce kawai, kamar mutum ya ce Kano daga kwano aka samo ta don sun yi kama a kunne.

Sai maganar Allah, wadda ita ta fi ƙona mini rai. Da Ibrananci ana cewa El, Eloah, Elohim. Da Aramanci, harshen da Yesu ya yi magana da shi a gida da kasuwa, Elah ake cewa, yana nan a littafin Daniyel daga sura 2 zuwa 7. Kiristocin Masar da Lebanon da Siriya Allah suke cewa a coci har gobe, mutanen Malta da mafi yawansu Katolika ne Alla suke cewa. Gida ɗaya kalmomin nan suka fito. Abin dariyar shi ne wanda zai hana ka cewa Allah shi ne zai juya ya ce maka God bless you, kalmar da kakannin Turawa suke kiran gumakansu da ita kafin bishara ta je musu.

Ni fa abin da ya ba ni mamaki ranar da na fara koyon Ibrananci, ji na yi kamar na shiga gidan dangi. Shalom salama, ruwah ruhu, nabi annabi, malak mala'ika, beraka albarka, Shabbat Asabar, Mashiyah Almasihu, har Jahannama ma daga Ge Hinnom take, wani kwari a gefen Urushalima. Ta Larabci duk suka iso mana. Kuma tsohon rubutun ba shi da wasali, baƙaƙe ne zalla kamar yadda almajiri yake fara babbaƙu a allo kafin ya kai farfaru, sai daga baya malaman da ake kira Masoret suka ɗiɗɗiga wasula tsakanin ƙarni na 7 da na 10. Bahaushe ya fi kowa gane wannan matsala, rubuta "gari" ka ba mutum, na tuwo ne ko na zama? Sai ya ga sauran maganar.

Amma fa nan ne tarkon yake. Yaran nan suna da manhaja a waya mai lambobin Strong, wato ƙamus da ya ba kowace kalmar asali lamba, aikin da aka fara bugawa a 1890, sai mutum ya danna kalma ya ga ma'ana bakwai ya zaɓi wadda ta yi masa daɗi ya ce an ɓoye mana. Saiwar kalma ba ita ce ma'anarta ba. Lehem gurasa ce da Ibrananci, 'yar'uwarta laham nama ce da Larabci, kuma milhama, wato yaƙi, baƙaƙen nan uku ne a cikinta, to sai mu ce Baitalami, wato gidan lehem, gidan yaƙi ne? Tsedaka a bakin annabawa adalci ne, sadaka a bakinmu abin da kake miƙa wa mabaraci ne. Wanda bai san nahawu ba ya riƙe ƙamus, makaho ne da ya taɓa hauren giwa ya ce ai giwa sanda ce.

Su kansu marubutan bishara fassara suke yi ba kunya. Markus 5:41 ya kawo Talita kumi da Aramanci ya bi shi da ma'anarsa nan take, haka ya yi da Eloi Eloi lama sabaktani. Ranar Fentikos kowa da harshen garinsu ya ji magana, ba a ce a tsaya sai kowa ya koyi Ibrananci ba.

Roƙona ga shugabannin ikkilisiyoyi, muna da makarantun tauhidi, JETS a Jos, da ta Kagoro, da ta Bukuru, duk shekara ana yaye mutanen da suka yi Ibrananci da Girkanci sannan su zo su kulle littattafan a kabad. Ku buɗe aji ko da ranar Asabar ne, awa ɗaya, a koya wa matasa alif bet da ɗan nahawu a gaban wanda ya sani, tunda in ba ku koya musu ba data ta naira ɗari biyu za ta koya musu. Masu buga Littafi Mai Tsarki da Hausa kuma, don Allah a ƙara bayanin ƙasan shafi, inda tsofaffin rubuce-rubuce suka bambanta a faɗa mana da Hausa, ba yara ba ne mu.

Yaron ya koma makaranta, mun yi da shi in ya dawo hutun Ista za mu zauna da Farawa sura 1 kalma bayan kalma, shi da wayarsa ni da tsohon ƙamus ɗina. Mama kuwa na buɗe mata Zabura 23 na karanta mata da Ibrananci yadda na iya, ina yi ina tuntuɓe, sannan na ce ta karanta nata. Ta sa tabarau ta karanta har ƙarshe, ta ce to ai abu ɗaya ne, sai dai naka ba daɗin ji.

Na gode da fili.

Naku,
Wani tsohon malamin firamare, daga Jos