Ba kowane zazzaɓi ne taifot ba

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya ƙoƙari? Na ga saƙonninka duka, shirun da ka ji zazzaɓi ne ya kwantar da ni, amma alhamdulillahi jiki ya yi kyau, sai ɗan kasala da ɗacin baki da har yanzu ba su sake ni ba.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda muke raɗa wa ciwo suna. Duk wanda ya kira ni a waya da nasa, wannan ya ce ai taifot ce, wancan ya ce shawara ce, kuma ba wanda ya ga sakamakon gwajina, wanda maleriya ya nuna. Shi zazzaɓi fa alama ce kawai, zafin jiki ya kai digiri 38 ko fiye, mura ma tana kawo shi. Maleriya macen sauro ke sa ƙwayarta a jini, taifot kuwa bakteriya ce da ake ɗauka a gurɓataccen ruwa ko abinci, kowacce da maganinta daban. Shi ya sa tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba mutum maganin maleriya.

Ita taifot ɗin nan wallahi ana ɗora mata laifin da ba nata ba. Gwajin jini na Widal da ake dogaro da shi wajen gano ta tun 1896 yake, kuma yakan nuna akwai ga wanda ya yi ta da daɗewa ya warke, kai har ga mai maleriya ma, sai ka ga an haɗa wa mutum antibayotik yana ta sha ba gaira ba dalili, gobe in ainihin cutar ta zo maganin ya ƙi ci.

Shawara ta fi ba ni tsoro. Da ido ya yi rawaya shikenan an gama magana, alhali yana iya zama ciwon hanta, ko sikila, ko maleriyar ce ta yi tsanani, duk mun cusa su a suna ɗaya, mutum na zaune a gida hantarsa na lalacewa.

Sai kuma “na warke”. Samun sauƙi daban, warkewa daban. Maganin maleriya irin su Coartem sau 6 ake sha cikin kwana 3, amma wani da farasitamol ya sauke masa zafi sai ya ajiye sauran ya ce ya warke, ƙwayar kuwa tana nan a jini.

Ka ce ƙaramin naka jikinsa na yawan zafi da daddare, don Allah ka kai shi a gwada kafin a ba shi komai, ka sanar da ni abin da aka ce. Ka gaida maiɗakin da yaran.

Naka har kullum.